Muna da ɗaki, ƙasa ce babu

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Na faɗi wannan kalma da bakina ranar da Baba ya cika, amma sai yanzu da na zauna zan rubuta take sauka a zuciyata. Baba surukina ne, mahaifin mijina marigayi. Ban taɓa kama sunansa yana da rai ba, ba kuma zan kama shi yau a takarda ba. Duk wanda ya daɗe a Zongon Kwatano ya san shi: dogon tsoho mai ɗan rankwafawa, carbi a aljihun dama, kile na kwance noti a aljihun hagu.

Gidanmu bai ɗauki masu gaisuwa ba, sai da aka kafa rumfa a titi. Direbobin manyan motoci sun zo da yawa, domin sana'ar Baba ke nan tun yana saurayi, haɗa bodin katako na motocin da ke ɗaukar kaya daga bakin teku zuwa arewa. Na jiyo ɗaya daga cikinsu ta bayan katanga yana cewa, "Injin ya mutu, an sayar da ƙarfen, amma bodin da tsohon nan ya haɗa min yana nan, kaji ke kwana a ciki." Aka yi 'yar dariya. Wata tsohuwa mai bandar kifi ta taho tun daga unguwar Placodji ta bakin teku. Ba ta jin Hausa, ba kuma musulma ba ce. Ta zauna a bakin zaure tana hawaye, tana nuna mana da hannu yadda ya tayar mata da rumfa lokacin da iska ta kwantar da ita.

Mata kuwa ɗakina suka riƙa shigowa, biyu-biyu, don ba ya ɗaukar fiye da haka idan za a miƙe ƙafa. Kowacce ta shigo sai ta ɗaga kai sama. Wata ƙawar Gwaggo, ita Gwaggo ƙanwar Baba ce, ta tsaya tana kallon tsani da gadon da ke jingine a bango har ta manta abin da ya kawo ta.

"Yanzu nan ku huɗu kuke kwana?"

Na ce, "Nan ne, Hajiya."

"Ikon Allah. Kuma ba zafi. Ni ɗakina ya yi uku nasa, amma kamar tanda." Sai ta farga. "Af, 'yar nan, ya haƙuri? Allah ya ji ƙansa."

Akwai kuma wani mutum da babu wanda ya san shi, ya sha shadda mai maiƙo. Ya yi gaisuwa yadda ya kamata, ya ɗaga hannu aka yi addu'a, amma idonsa na kan katanga. Ya nemi a nuna masa bayan gida, ya taka a hankali tun daga zaure har ƙarshen fili. Gwaggo ta bi shi da kallo ta ce a kunnena, "Wannan ba gaisuwa ya zo ba. Awo ya zo."

Na kuma lura da wani abu. Sauran mutanen gida ana ce musu Allah ya ba da haƙuri. Ni idan aka zo kaina sai a ƙara da, "Allah ya kawo miki mafita." Duk unguwa ta san dalili. Mijina ya riga mahaifinsa rasuwa, hatsarin mota ya yi a hanyar arewa, ya bar ni da 'yan mata uku. Tunda Baba ya bar 'ya'ya maza da rai, 'ya'yana ba su da gado a gidan nan. Hukuncin Allah ne, na karanta shi tun a islamiyya, ban ja da shi ba. Abin da nake tsoro shi ne a raba ni da yarana, a watsa su gidajen dangi ɗaya-ɗaya, saboda ba ni da inda zan tara su.

Baba ya hango wannan rana tun da daɗewa.

Bayan na fita takaba, gidan da muke haya ya gagare ni. Iyayena sun rasu, yayyena kuma kowa na fama da nasa. Baba ya aiko a ce in kwaso yara in dawo gida. Gidan kuwa a cike yake maƙil: shi, da wan mijina da muke kira Yaya da iyalinsa, da ƙannen mijina, da 'ya'yan wan Baba da ya rasu. Gwaggo ta ce masa, "Ina za ka sa su? A aljihunka, kusa da kile?"

Baba ya tashi. Ya je ya tsaya a lungun da ke tsakanin rijiya da katangar maƙwabta, inda ake tara tsofaffin tayoyi. Wuri ne da ba zai wuce shimfiɗar tabarma uku ba. Ya daɗe a tsaye, ba ƙasa yake kallo ba, sama yake kallo. Da aka tambaye shi sai ya ce, "Ƙasa ce ta ƙare a Zongo. Sama tana nan, ba wanda ya gina ta."

A kan wannan ɗaki aka yi rigimar da ban taɓa ganin irinta a gidan ba. Yaya mutumin kirki ne, kuma yana son ƙaninsa. Ya ce shi zai kawo bulo da siminti a yi wa matar ƙaninsa ɗaki irin na mutane. Baba ya ce ko bulo ɗaya ba za a ɗora da siminti ba.

"Baba, marayu ne fa. Akwatin katako za ka sa su? Me mutane za su ce?"

"Mutane za su ce abin da suka saba."

"Za a ce mun yi wa jikokinka akurki."

"To ka gaya musu kajin nawa ne."

Yaya ya yi fushi ya bar wurin. Ni ma, ba zan ɓoye ba, raina ya sosu. Baba ya riƙa zuwa wajen abokansa na tashar jiragen ruwa yana roƙo katakon akwatunan da ake zubarwa bayan an fitar da kaya. Yana kawowa a puspus, wato amalanken turawa, yana zare ƙusoshi ɗaya-ɗaya, yana gogewa. Matan gida suna wucewa suna danne dariya. Bai buga ƙusa a ginshiƙi ko ɗaya ba. Duk inda katako ya haɗu da katako, bulon ya sa, wato ƙarfe mai noti irin na bodin mota. Ƙasan ɗakin ma bai taɓa ƙasa ba, a kan duwatsu ya ɗora shi, don ruwan damina ya bi ta ƙarƙashi ya wuce.

Sai kuma tawa rigimar da shi. Ina da gadon aurena, babba ne mai rumfa, da sif mai madubi. Su kaɗai suka rage min daga gidan mijina. Baba ya dube su ya ce, "'Yata, ko ke ki shiga ko su su shiga." Na ce a jingine su a zaure. Ya ce zaure ba nawa ba ne, ba kuma nasa shi kaɗai ba. Na je kai yara lekol, wato makarantar boko, kafin in dawo ya sa zarto. Na tarar da gadon da na kwana a kai da ɗansa an raba shi gida-gida a tsakar gida.

Ba a yi min tarbiyyar mayar wa babba magana ba. Amma na daina kai masa kunu da hannuna, sai in aika babbar 'yata. Ya bar ni na yi fushina. Daga baya ya aiko ta da saƙo: "Ki gaya wa uwarki kunun ya yi tsami tunda ya sauya hannu." Har yau ina ganin da ya jira na dawo ya tambaye ni. Amma katakon gadon nan shi ne ya zama benen da 'yan mata ke kwana a sama, ƙofofin sif suka zama gadona mai naɗewa a bango, madubin kuma ya kafa shi daura da taga, ya ce haske zai shigo sau biyu.

Ga yadda ɗakin yake, don waɗanda ba su gani ba. Matakan tsanin hawa bene akwatuna ne, kowanne da murfi: shinkafa a na ƙasa, gari a na biyu, littattafan yara a na sama inda ɓera ba ya kai wa da sauƙi. Taga ɗaya a ƙasa ta ɓangaren da iskar teku ke fitowa, ɗaya a can sama ta ɗaya gefen. Ya ce iska baƙuwa ce mai kunya, ba ta shiga ɗakin da ba ta ga hanyar fita ba. Tsakanin kwano da rufin ciki ya bar sarari ya shimfiɗa tsofaffin tabarmi. Ruwan da ya sauka a kwano yana bin indararo zuwa duro, ruwan alwala kuma yana gangarawa cikin jarkokin da ya yanke, inda muka shuka tattasai da ganyen shayi.

Abin da ya fi ba shi wahala shi ne alƙibla. Sau da yawa yana juya ƙasan ɗakin kafin ya ɗaure, har sai da ya samu tsakiya ta ɗauki sallaya a miƙe ba tare da an kawar da komai ba. Ya ce min, "Ɗakin da sai an ɗaga kaya kafin a yi salla, mai shi zai riƙa cewa bari an jima." Wallahi na ga gaskiyar wannan magana.

Ranar da ya gama, bai ce mu shiga ba tukuna. Ya aika aka kira na'ibin liman da maƙwabcinmu mai sayar da goro, ya kira Yaya, ya sa aka tsayar da ni a bayan Gwaggo. Ya dafa bangon ɗakin ya ce:

"Ku shaida. Filin nan ba nawa ba ne ni kaɗai, namu ne da 'yan'uwana tun daga mahaifinmu, ba a taɓa rabawa ba. Ba ni da ikon in ba da ko taku ɗaya a cikinsa. Da na gina mata da siminti, ranar rabo ɗakin zai bi ƙasa. Wannan kuwa katako ne da ƙarfe, ni na roƙo, ni na haɗa. Na ba ta, ita da 'ya'yanta, kyauta, yau, ina da rai da hankalina. Ranar da aka ce ta tashi, ta kwance abinta ta tafi da shi."

Ya miƙa min kile ta hannun Gwaggo. Yaya ya sunkuyar da kai. Na'ibi ya ce, "Ki shiga ki rufe ƙofa, kyauta ba ta cika sai an karɓa." Na shiga na rufe, na zauna a kan akwatin shinkafa na yi kuka. Ba na murna ba ne kaɗai. A ranar na gane cewa zamana a gidan nan iyakarsa numfashin tsohon nan.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi sanyi da na samu tun rasuwar mijina. Baba bai taɓa shiga ɗakin ba bayan ya ba ni, kunya ce tsakaninmu. A bakin matakala yake zama da hantsi yana tsokanar jikoki. Autata yake kira amaryarsa.

"Amarya, yau me aka dafa wa ango?"

"Ni na fasa aurenka, ba ka da haƙora."

"Na gina miki bene, ki ce kin fasa? To sauko min daga gidana."

"Ai ka ba Mama. An shaida."

Sai ya yi ta dariya har da tari, ya ce, "Kun ji lauya." Idan kuma ya ga na sayo wani abu, ko da roba ce, sai ya ce, "Wa zai fita?" Dokarsa ke nan: abu ba ya shiga sai wani ya fita. 'Yar tsakiyata ta taɓa ce masa to idan aka haifi jariri fa, ya ce shi ya sa Allah yake ɗaukar tsofaffi. Na ce, "Baba, daina faɗin haka." Ya ce, "To na daina. Amma ba a daina yi ba."

Abin da ban sani ba sai daf da ƙarshe shi ne yawon da yake yi. Yakan hau zem, wato babur ɗin haya, da safe ya ce zai gai da aboki, ya dawo da azahar a gajiye, ƙafafunsa sun kumbura. Ashe fili yake nema min. Duk wani tsohon direba da ya taɓa yi wa bodi, duk wani ɗan kasuwa da ya san mahaifinsa, sai da ya je ƙofarsa ya roƙi lungu. Wani ya ce zai ɗora shago a wurin, wani ya ce 'ya'yansa ba za su yarda ba, wani ya ba shi lemo ya rako shi. Mutumin da bai taɓa roƙa wa kansa komai ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, wata la'asar aka fito da shi tsakar gida ya sha iska. Na kawo kunu na durƙusa. Bai karɓa ba, ɗakin yake kallo.

"'Yata."

"Na'am, Baba."

"Rabin aiki na yi miki. Na nemi ɗaya rabin, ban samu ba. Ki yafe min."

Na ce, "Baba, ka yi min abin da uba ke yi." Ya girgiza kai ya ce, "Uba yana barin ƙasa." Maganarmu ta ƙarshe mai tsawo ke nan.

Bayan sadakar arba'in magada suka taru, har da waɗanda suka zo daga garin Parakou da Najeriya. Filin ba ya rabuwa, masu haƙƙi sun yi yawa, kowa kuma da buƙatarsa. Aka yanke a sayar. Mai shaddar nan dillali ne, wanda ya aiko shi zai rushe ya gina mangaza, wato babban ɗakin ajiye kayan kasuwa. Yaya ya zo da kansa ya gaya min. Ya tsaya a bakin matakala, bai iya dubana ba.

"Ni ma ban san inda zan sa kaina ba, wallahi. Amma mun yi shawara. Babbar ta zauna wurina. Ta tsakiya ta bi ƙanwarmu Parakou. Ke da auta ku raɓa wurin Gwaggo kafin Allah ya kawo wani abu."

Na ce, "Yaya, na gode. Amma ba a taɓa raba musu kwano ba."

"To ina za ki kafa shi? Gaya min wurin, ni zan ɗauka a kaina in kai."

Daga ranar na ɗauki yawon da Baba ya bari. Na shiga gidajen da ban taɓa shiga ba, na gai da matan da ban sani ba, ina cewa ba ɗaki nake nema ba, ina da ɗaki, wurin ajiye shi nake roƙo. Wasu suka ɗauka taɓuwa ce ta same ni. Wata ta ce, "Baiwar Allah, a garin nan ko mota sai an biya mata wurin kwana." Na je unguwar Ganhi wajen wani da aka ce yana da fili a bayan ofishinsa, mai gadi bai bar ni na wuce ƙofa ba. Ina dawowa in tarar da yara sun zuba min ido, babbar ta riga ta fara ware littattafanta daga na ƙannenta ba tare da an ce ta yi ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

A ƙarshe wani tsohon yaron motar mijina da ke zaune a unguwar Ladji, can bakin tafki, ya ce akwai wuri a bayan gidansa, ya ba ni aro. Na je na gani. Ƙasar tana nutsewa a ƙarƙashin takalmi. A jikin katangarsa akwai zanen da ruwan bara ya bari, ya kai min ƙugu. Ya ce, "Hajiya, ba zan ruɗe ki ba, idan tafki ya cika har nan yake zuwa. Sai an yi wa ɗakin dogayen ƙafafu." Wanda ya san irin ƙafafun da za su ɗauki bene da yara uku a cikin laka, shi ne muka kai makwanci. Na tsaya ina kallon zanen nan, na tuna Parakou, na ce masa na karɓa.

Jiya aka kwance ɗakin. Yaya ya hana a kira kowa, ya karɓi kile a hannuna. Ya zo da guduma da zarton ƙarfe, don a garin nan iskar gishiri tana cinye noti, ƙofar gida ma sai an yanka ta. Amma ko taɓa gudumar da zarton bai yi ba. Kowane bulon ya juya masa kamar jiya aka ɗaura. Ya dube ni. Na ce masa duk shekara kafin damina Baba yakan bi su ɗaya-ɗaya daga waje, ya sassauta, ya shafa baƙin mai, ya mayar, na ciki kuma ya sa ni in yi yana gaya min ta taga. Yaya ya ajiye kile, ya juya ya fuskanci katanga, ya daɗe a haka.

Kafin la'asar an jera bango huɗu da bene da tsani a kan puspus biyu. Da aka ɗaga ƙasan ɗakin sai wurin ya bayyana, busasshe, fari, ba ciyawa. Na tsaya a kansa da yarana. Ban taɓa sanin ƙanƙantarsa ta kai haka ba. A nan muka yi salla, muka yi azumi, muka yi jinya, a nan babbar ta zama budurwa, kuma ban taɓa jin ƙunci ba.

Yau muna Ladji. Katakon na jingine a ƙarƙashin tamfol, Yaya ya tafi neman ginshiƙai, hadari kuma ya haɗo ta wajen tafki. Yaran uku suna nan kusa da ni a kan tabarma ɗaya. Ban san ko za mu kai ƙarshen damina a nan ba.

Ya Allah, bawanka ya tarar da mu a matse ya yalwata mana da abin da mutane suka zubar. Yanzu shi ne a wuri mai ƙunci, ba mu da kilen da zai kwance wurin, ba mu da dabara. Ka yalwata masa kabarinsa iyakar ganinsa, ka buɗe masa taga ta wajen Aljanna, ka gafarta masa. Wanda duk ya karanta wannan, ya yi masa addu'a, mu kuma ya roƙa mana Allah ya tsayar da ruwa a ƙasa da ƙafafun ɗakinmu.